AMSOSHIN WASIƘUNKU: Me 'yan jami'a ke nema a jikin sabara da bagaruwa?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga Balan, cikin ƙaramar hukumar Gaya ta Jihar Kano. Mai wasiƙar manomi ne, da rani kuma yakan taɓa fataucin hatsi tsakanin kasuwannin Gaya da Ajingi da Wudil. Ya ce yana jin labarin ɗaliban jami'a suna shiga daji suna tsinkar ganyen sabara, suna sassaƙar marke, wai za su kai makaranta su auna. Shi ne yake tambaya: me suke aunawa, tun yaushe aka fara wannan aiki, kuma in har an tabbatar itatuwan nan suna kashe ƙwayoyin cuta, me zai sa talaka ya ci gaba da kai kuɗinsa kemis?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Tambaya uku ka ƙunsa wuri ɗaya, kuma ta ƙarshen ita ce mai nauyi, domin rai ne a ciki. Bari mu faro daga tushe.

Kafin wani ɗalibi ya taɓa sa farar riga a ƙasar nan, majema sun riga sun yi gwajin farko. Ka san ɗanyar fata, in ka yar da ita kwana biyu da zafi sai ta fara wari, domin ƙwayoyin da ido ba ya gani sun fara cin ta. Amma majemi zai daka 'ya'yan bagaruwa, ya jiƙa, ya tsoma fatar ciki, sai ta fito ta shekara talatin ba ta ruɓe ba. Da irin wannan jima ce fatun jar akuya na Sakkwato da Kano suka yi ta ƙetare hamada a bayan raƙuma har Turai, inda ake kiransu fatar Maroko, don kawai ta can suke isa hannun Turawa. Abin da ke cikin bagaruwa mai yin wannan aiki shi masana kimiyya ke kira tanin. Shi ne baurin nan da ke kama maka harshe in ka tauna ɗanyar kanya ko sassaƙen marke. Aikinsa shi ne ya kama duk wani abu mai ɗabi'ar nama ya ɗaure shi tam. Ya kama fata ta ƙi ruɓa, ya kama bakin rauni ya tsotse ruwan, ya kama jikin ƙwayar cuta ya hana ta sakat. Ashe tsohuwar da ke barbaɗa garin bagaruwa a gyambo, ko ta dafa wa mai jego ta zauna ciki, da majemi sana'a ɗaya suke yi ba su sani ba.

Ga wani abin sha'awa. Baduku in yana son baƙar fata, sai ya shafa mata kuloko, wanda ake haɗawa da ƙarfe ko kashin maƙera. Fatar takan yi baƙi ƙirin nan take, saboda ƙarfe ya gamu da tanin ɗin da jima ta bari a ciki. To yau ɗin nan, in ɗalibi a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello yana son ya san ko akwai tanin a wani ganye, ruwan gishirin ƙarfe yake ɗigawa a cikin jiƙon, in ya koma baƙi-baƙi ko shuɗi mai duhu sai ya rubuta cewa akwai. Dabarar baduku ce aka zuba a kwalba.

Ta fuskar rubutu ma ba a bar mu a baya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan magani, ciki har da ciwon ido, da basir, da kuma amfani da filasko wajen wanke ciki. Da Baturen nan Clapperton ya je Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Ingila har da likita. Wato mutumin da ya san itatuwan ƙasarsa bai ga wani aibu ba a neman ilmin wasu ya ƙara a kan nasa.

A daidai wannan zamani ne kuma aka yi wani abu a Faransa wanda ya sauya harkar magani baki ɗaya. Akwai wani itace a duwatsun Kudancin Amurka, wajen ƙasar Peru, wanda sassaƙensa ke maganin zazzaɓin cizon sauro. An daɗe ana shan garinsa a Turai, amma matsalar ita ce wani buhun ya yi ƙarfi, wani ya zama kamar dusa. A 1820 wasu masana biyu, Pelletier da Caventou, suka tace sassaƙen har suka ware ainihin sinadarin da ke aikin, shi ne kwinin. Daga ranar aka iya ɗora shi a ma'auni a ce ga na babba, ga na yaro. Amfanin haka a ƙasarmu aka gan shi. A 1841 Turawan Ingila sun shigo kogin Kwara da jiragen ruwa, zazzaɓi ya kashe fiye da mutum 40 daga cikinsu. A 1854 likita Baikie ya shigo Kwara da Binuwai, ya sa mutanensa shan kwinin kullum, suka koma ba wanda ya mutu. Ka riƙe wannan labari, Malam, domin duk abin da ɗaliban nan ke yi a yau, burinsu ke nan: a gano wane sinadari ne a cikin itacen, kuma nawa ne awonsa.

Sai dai a lokacin ba a ma san ƙwayoyin cuta sosai ba. Sai a wajajen 1880 zuwa 1890 ne Robert Koch da almajiransa a Jamus suka ƙware wajen shuka ƙwayoyin cuta kamar yadda kake shuka gero, a cikin wani ɗan faranti na gilashi mai murfi. Ana zuba wani abinci a ciki wanda ke daskarewa kamar kokon da ya huce, a shafa ƙwayar a kai, a ajiye a wuri mai ɗumi, gobe ka tarar ta yaɗu ta rufe farantin. A irin wannan faranti ne Alexander Fleming ya lura a Landan, a 1928, cewa wata funfuna da ta faɗa ciki ta hana ƙwayoyin cuta tsirowa kewaye da ita. Daga nan aka samu fenisilin.

Mu dawo gida. Mutumin da ya fara zama ya jera sunayen itatuwanmu na Hausa gefe da gefe da sunayensu na kimiyya wani likita ne ɗan Sikotland, John Dalziel, wanda ya zo aiki Nijeriya ta Arewa a 1905. Ya zauna a wurare irin su Katagum da Sakkwato da Yola, yana duba marasa lafiya, in ya tashi aiki kuma ya bi mutanen gari yana tambaya: wannan mene ne sunansa, me kuke yi da shi? A 1916 ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafi a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, wanda har gobe masu bincike ba su daina buɗa shi ba. Itacen hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, a littattafan kimiyya na duniya sunan Dalziel yake ɗauke da shi. Su kuwa maharba da makiyaya da 'yan magori da ungozomomin da suka nuna masa itatuwan, sunansu bai shiga ba. Haka aka saba yi a wancan zamani, kuma mu a ganinmu ba daidai ba ne.

Darbejiya kuwa, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, baƙuwa ce, ko da yake yanzu ta fi 'yan gida yawa. Asalinta ƙasar Indiya, kuma a 1928 aka fara dasa ta a Barno. A 1959 wani masani Bajamushe, Schmutterer, yana Sudan aka yi farin ɗango, ya ga fara ta cinye komai ta bar darbejiya tsaye da ganyenta. A 1968 aka ware sinadarin da ke korar farar a Ingila, aka sa masa suna azadiraktin. Saboda haka manomin da ke zuba busasshen ganyen darbejiya ko garin ƙwallonta a cikin wake yana da hujja. Ita ma tafarnuwa tun 1944 aka ware nata sinadarin a Amurka, alisin, wanda ba ya fitowa sai an daka ta ko an tauna, kuma dogon dahuwa na kashe shi.

Bayan samun mulkin kai ne 'yan ƙasa suka karɓi aikin. A Jami'ar Ife, wajen 1971, Abayomi Sofowora da abokan aikinsa suka gwada itatuwan asuwaki a kan ƙwayoyin cutar baki, suka ga lallai suna hana su yaɗuwa. Suna cikin haka suka lura cewa jinin da ke cikin farantin, inda saiwar fasaƙwari ta taɓa, ya daɗe bai sauya launi ba. Wannan ya kai su ga binciken amfaninta ga masu ciwon sikila, wanda mutanenmu ke kira amosanin jini. An fita neman abu ɗaya an dawo da wani. Daga baya gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a 1987, wadda ke Abuja, kuma a can ne aka inganta wani haɗi na maganin sikila da aka karɓo daga wani mai maganin gargajiya na ƙasar Oyo, Paul Ogunyale. Cikin kayan haɗin akwai masoro da kanumfari da karan dafi, duk abin da za ka samu a kasuwar Gaya. Wannan karon an rubuta sunan mai maganin.

Akwai kuma wani bincike da aka yi kusa da ku ƙwarai. A 1975 wata masaniya Ba'amurkiya, Nina Etkin, tare da Paul Ross, suka zo suka zauna a wani ƙauye kudu maso gabas da birnin Kano, tafiyar kamar kilomita 50. A rubuce-rubucensu sun sakaya sunan ƙauyen, suna ce masa Hurumi. Sun sake dawowa a 1987, kuma wani ɗan ƙasa, Ibrahim Mu'azzamu, ya yi aiki da su har sunansa ya fito a kan wasu takardun. Sun tattara tsirrai ɗaruruwa da mutanen ƙauyen ke magani da su. Babban abin da suka fito da shi shi ne, da yawan abin da Bahaushe ke kira magani, abincinsa ne kuma. Ka duba da kanka: tsamiya a kunu, kuka a miya, zogale da tafasa a kwaɗo, citta da kanumfari da kimba a yaji. Ashe mutumin ƙauye yana shan ɗan magani kullum a cikin ƙwaryarsa, musamman da damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa aka koma ga ganyaye, wanda kuma shi ne lokacin da zazzaɓi ya fi yawa. Sun kuma lura da wani abu na biyu, wanda za mu dawo kansa: mutane sun ɗauki maganin asibiti suna auna shi da ma'aunin gargajiya, wato da launinsa da ɗacinsa.

Yanzu ga yadda ɗaliban ke yi. Za a shanya ganyen a inuwa, a daka, a jiƙa wani kashi a ruwa, wani kashi a sifirit irin na asibiti, domin akwai sinadaran da ruwa ba ya iya fitarwa. A tace, a bar ruwan ya ƙafe, sai a samu wani abu mai danƙo. Daga nan a shiga tambayarsa me ya ƙunsa. An riga an gaya maka gwajin tanin. In an girgiza shi da ruwa ya yi kumfa mai daɗewa, to akwai safonin, sinadarin nan da ya sa ake wanki da ɓawon aduwa. Tun 1933 wani likita a Sudan ya nuna cewa 'ya'yan aduwa na kashe dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Akwai kuma dangin da ake kira alkaloyid, su ne masu ƙarfin gaske ko da kaɗan ne: kwinin na cikinsu, haka abin da ke hana ka barci a goro, da abin da ke sa maye a zaƙami. Ganyen sabara an same shi da tanin mai yawa da kuma wasu 'yan alkaloyid. Marke ma tanin ne ƙarfinsa. Ɗacin maɗaci da na darbejiya kuwa daga wani dangi ne daban.

Sai gwaji na biyu. A shafa ƙwayar cuta a faranti, misali wadda ke kawo maruru, ko ta taifot, ko ta ciwon mafitsara. A jiƙa 'yar takarda ƙarama kamar ƙwayar wake da ruwan itacen, a ɗora a tsakiya, a gefe kuma a ɗora wata mai ɗauke da maganin asibiti don a kwatanta. A sa a akwati mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, ya kwana. Da safe in an ga fili fetal kewaye da takardar, kamar yadda ciyawa ba ta fitowa a gindin wata bishiyar, sai a sa ma'auni a auna faɗinsa da milimita. An yi irin wannan gwaji ba adadi a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuma sau da yawa bagaruwa da marke da sabara da hano da lalle sukan ba da fili, musamman a kan ƙwayar maruru. Ƙwayoyin hanji irin na taifot sun fi taurin kai, domin suna da wata riga ta biyu a jikinsu.

To a nan ne za mu amsa tambayarka ta uku, kuma muna roƙon ka saurara da kyau. Faranti ba mutum ba ne. A faranti, maganin yana zaune a kan ƙwayar cutar kai tsaye. A jikinka kuwa sai ya bi ta ciki, ya tsallake hanji, ya wuce hanta, ya shiga jini, sannan ya isa inda ciwon yake da sauran ƙarfinsa. Tanin ba ya iya wannan tafiya sosai, yakan kama abincin da ya tarar a ciki ya tsaya nan. Shi ya sa amfanin waɗannan itatuwa ya fi bayyana a inda suke taɓa ciwon da kansu: fata, da dasashi, da maƙogwaro, da ɗan abin da ya shafi hanji. Bugu da ƙari, yawan ruwan itacen da ake bukata kafin a ga fili a faranti yakan ninka na maganin asibiti sau ɗari, wani lokaci har sau dubu. Ko gishiri ma in ka zuba da yawa zai kashe ƙwayar cuta a faranti, amma ba wanda zai sha mudun gishiri don taifot. Sannan ga matsalar da aka samu da sassaƙen kwinin tun farko: sabarar da ta fito a jigawa da wadda ta fito a fadama, ta rani da ta damina, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, mai sayarwa kuma da tafin hannu yake awo.

Itace ya ba duniya manyan magunguna, ba musu. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibiti yanzu, tushensa wani tsiro ne dangin tazargade, wanda wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta ware sinadarinsa a 1972, aka ba ta lambar Nobel a 2015. Amma magungunan da ke bin jini su kashe ƙwayoyin irin su sanƙarau da tarin fuka da taifot, kusan dukkansu daga funfuna aka same su, ko daga ƙwayoyin cikin ƙasa, ko kuma haɗa su aka yi a masana'anta. Waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya kuma Kano na cikin inda ta fi tsanani, sun san ciwo ne da ke iya kashewa cikin kwana ɗaya. Yaron da wuyansa ya sanƙare, ko mai tarin da ya wuce mako biyu, ko mai kashin jini, ko mai jegon da zazzaɓi ya rufe, ba a tsaya jiƙa musu sassaƙe. Mai gudawa kuma, abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne, saboda haka ko an ba shi sabara, ruwan gishiri da sukari na fakiti shi ne gaba da komai. Jariri ɗan ƙasa da wata shida nono ya ishe shi, hantarsa ba ta kai ta ɗauki dauri ba. Mai ciki ma ta yi hattara da yawan shan abu mai bauri, domin tanin yana kama sinadarin ƙarfe na abinci, wanda shi ke gina jini.

Me ya sa to jami'o'i suka dage da binciken? Saboda maganin kemis ɗin ma yana ta rasa ƙarfi, kuma da hannunmu a ciki. Abin da su Etkin suka gani bai gushe ba: mutum ya sayi kafso biyu ja-da-rawaya don ciwon kai, ya fasa ɗaya ya barbaɗa a rauni, ya jefa wa kaji saura a ruwa. Kowane rabin magani yana kashe raunanan ƙwayoyi ne ya bar masu taurin kai su hayayyafa, kamar yadda ƙwarin wake suka saba da wata hodar. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in an bi yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowa asara. Don haka ake komawa daji ana neman sabon makami, har ana gwada ko wani sinadarin itace zai taimaka wa tsohon magani ya dawo da ƙarfinsa.

Ku 'yan kasuwa, ga naku. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana ba magungunan gargajiya na kwalba lamba mai ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an duba ba a ga guba a ciki ba, ba wai an tabbatar yana warkar da cututtuka ashirin ɗin da mai lasifika ke lissafawa a bakin tasha ba. In ka karanta jikin kwalbar za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Mai saro sassaƙe da saiwa daga ƙauye zuwa Kasuwar Kurmi kuma ya shanya kayansa a inuwa, a kan tabarma, su bushe ƙayau kafin ya ɗura a buhu, domin funfunar da ke kama danshi tana iya barin gubar da ke lalata hanta, irin wadda ake samu a ruɓaɓɓiyar gyaɗa. Wajen sassaƙa kuwa, a ɗebi gefe ɗaya a bar sauran. Abincin bishiya ta cikin ɓawonta yake sauka daga ganye zuwa saiwa, in aka zagaye ta da gatari an yanke mata hanya, shekara ɗaya ko biyu sai ta bushe a tsaye. Maɗatan da ke bakin hanyoyin ƙasar Kano da yawansu haka suka tafi, kuma maɗaci yakan yi shekaru masu yawa kafin ya kai a sassaƙe shi.